Warin da Na Hana Shiga Gidana

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah Ya karɓi ranka, Yaya. Ina tsakar gida ina shanya labulen falo sai matarka ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba, cewa kawai ta yi, "Gwaggon yara, ya tafi." Na zauna a kan dandamali da jiƙaƙƙen labule a cinyata, har ya jiƙa mini zane ban sani ba. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Shekararka sittin da uku. Wata biyar ɗin ƙarshe a kwance ka yi su da ciwon ƙoda, kuma ba a taɓa jin ka ɗaga wa mai jinyarka murya ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a share hawaye a ninke takarda. Na kasa. Abin da idona ya gani a kwanakin nan ya tayar mini da zuciya, kuma ka san halina, in zuciyata ta tashi sai na amayar. Ka yi haƙuri da ƙanwarka, ai ka saba.

Ga wanda bai san ka ba, shekara talatin da ɗaya ka yi kana aiki a gidan ruwa, a ɗakin injin da ke jawo ruwa daga kogi. Aikin bai wuce duba mai, duba allurar inji da rubuta lamba a littafi ba. Sauran lokacin kana zaune a kan benci cikin ƙarar da ke toshe kunne, ga taga ɗaya tak tana kallon lanƙwasar kogin. Abokan aikinka barci suke yi a bencin nan. Kai kuwa tagar ka zuba wa ido, har ranar da aka yi wa ɗakin fenti aka bar ragowa a gwangwani huɗu: fari, baƙi, shuɗi da ja, irin fentin bangon nan da ake damawa da ruwa. Ka ciro ƙofar wani karyayyen kabad, ka tattauna bakin tsinke ya zama burushi, ka fara.

Ba wanda ya koya maka. Makarantar zane ko ƙofarta ba ka taɓa gani ba. Na tuna zanenka na farko da ka kawo gidan mahaifinmu kana murmushi har kunne. Na ce maka bishiyar kamar tsintsiyar da aka kafa a juye, kogin kuma kamar shuɗin zanen da aka manta a kan igiya. Kowa ya yi dariya, har da kai. Washegari ka koma taga. Shekara huɗu ka yi kana ɓata katako, kana kankarewa, kana sakewa. Ka yi burushi da gashin jelar akuya, ka yi da gashin kaza, ka yi da tsohon burushin haƙori. Wata rana ka shigo mini gida afujajan, na ɗauka wani ne ba lafiya, ashe zuwa ka yi ka gaya mini ka gano cewa ruwa ba shuɗi ba ne, launin abin da ke samansa da abin da ke cikinsa yake ɗauka. Na ce to madalla, cire takalmi ka wanke hannu kafin ka taɓa mini kujera. Daga ranar ka sa mini suna Uwar Sabulu, sunan ya bi ni har asibitin da na yi aikin jinya shekara ashirin da takwas.

Alherinka ba ya ƙirguwa, amma akwai wanda ba zan manta ba. Lokacin da aka yi mini aiki a baya na kwanta wata uku ba na iya juyawa, bango kawai nake kallo, har na fara fita hayyacina. Ka zo da gwangwanayenka, ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa don ka san masifata, ka zana mini bishiyar tsakar gidan mahaifinmu a bangon nan, har da reshen da ya karye ranar da na hau na faɗo. Kullum ka taso daga aiki sai ka ƙara mata ganye kaɗan, ka ce ranar da ta cika zan tashi. Na tashi kafin ta cika, ka ce na yi maka ha'inci. Daga baya ka yi Asabar bakwai a ɗakin yara na asibitinmu kana zana musu tuddai da tsuntsaye, ba ka karɓi ko ruwan sha ba. Har yau yaran da ake sa wa ƙarin ruwa suna kwance suna ƙirga tsuntsayenka.

Amma aikin da ka ba wa ranka shi ne na kogin. Asabar ɗin farko ta kowace shekara kakan sauka matakalar da ke bayan ɗakin inji, ka tsaya a mataki na uku, ka ɗebo ruwa da bokiti, ka dama fentinka da shi ba tare da ka tace ba. Sai ka hau ka zauna a taga ka zana lanƙwasar nan yadda take a ranar, a kan allo mai girman ƙofar kabad, ka rubuta shekarar a baya. Na taɓa tambayarka me ya hana ka amfani da ruwan famfo, kai da kake ma'aikacin gidan ruwa. Ka ce, "Kogin ne ke da magana, ni hannu kawai na ara masa." Haka ka yi shekara ashirin da shida, har bayan ka yi ritaya kana zuwa da ƙafarka, masu gadi suna buɗe maka don kunya.

Allo na farko, Yaya, ko maƙiyinka ya gani sai ya yi shiru. Ruwa garau har ana hango duwatsun ƙasa, ciyawa ta yi tsayi a gaɓa, balbelu goma sha ɗaya, ga wani masunci a tsaye cikin kwalekwale. Na biyu da na uku ma haka. Sai aka buɗe mahauta can sama da kogin, aka buɗe gidan jimar fata, gari ya faɗaɗa, kowace magudana aka juyo da bakinta nan. Ba ka kau da kai ba. A allo na bakwai leda ta fara maƙalewa a ciyawa. A na goma sha ɗaya ba masunci. A na goma sha huɗu kumfa ce mai ruwan ƙwai ta rufe gaɓa, balbela ɗaya tana tsaye a kan tsohuwar taya. A na goma sha tara ka zana kumburarriyar akuya ƙafafunta a sama, da ƙudaje, da jan ruwan mahauta yana ratsa baƙin ruwa kamar jijiya. Kuma da yake da ruwan wurin ka dama fentin, allunan baya-bayan nan wari suke yi. Da rani da sauƙi. Da damina kuwa, in katakon ya sha danshi, sai su saki wani irin ɗoyi na ruɓaɓɓen ƙwai da fata da jini, ya kama maƙogwaro ya ƙi saki.

Allo na farko tun a shekararsa aka ɗauke shi aka kai ofishin manaja. Manaja uku suka zauna a ƙarƙashinsa. An buga shi a kalandar ma'aikata, an buga shi a bangon rahoton shekara, ba a taɓa sa sunanka ba ko da ƙananan haruffa. Manajan yanzu, shekara tara da suka wuce, ya shiga ɗakin inji da baƙi, ya ga sauran allunan a jere a bango, ya toshe hanci da hankici ya ce wane ne ya tara wannan ƙazanta a wurin aiki, a fitar da ita kafin gobe. A gabanka ya faɗa, yana sane kai ne. Tagar tana bayansa a buɗe, abin da ke allon yana gudana a ƙarƙashinta, injinsa na zuƙa yana tura wa gari, wannan bai dame shi ba. Ka kwashe su ka kai gida.

Yanzu na zo kan nawa laifin, kuma ba zan yi wa kaina sassauci ba. Shekara bakwai allunan suka yi a ƙuryar ɗakinku, matarka tana haƙuri, har tari ya kama ta, likita ya ce a raba ta da danshi da wari. Shekara biyu da suka wuce ka ɗauko hayar motar kaya, ka loda su, ka tsaya a ƙofar gidana da hantsi. Ka san ina da ɗaki biyu ba kowa tun da yarana suka watse. Ka ce, "Uwar Sabulu, ki ara mini ɗaki ɗaya, kar ruwa ya ci su." Na fito da safar hannu, na ɗaga ɗaya na kai hanci, na mayar. Na ce, "Haba Yaya, shekara ashirin da takwas ina shaƙar warin asibiti, yanzu da na huta za ka kawo mini bola cikin gida?" Bola na ce. Ka yi 'yar dariya, ka ce wa direba a juya. Na shiga na wanke hannu har sau biyu, na fesa turare a zaure. Ka kai su tsohon ɗakin kaji da ke bayan gidanka, inda rufin ke yoyo. Ba ka taɓa tayar mini da maganar ba, ka ci gaba da zuwa kana zolayata kamar ba a yi ba. Duk lokacin da na tuna hannun nan da na wanke sai in ji ƙyamar kaina, wallahi.

To, ga abin da ya faru bayanka. Kwana biyu da rasuwarka manaja ya zo gaisuwa da motoci uku, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga. Ya zauna a tsakiyar mutane ya kira ka ɗan baiwa, ya kira ka abin alfaharin ma'aikata, ya ce shi ne ya fara gane hazaƙarka. Har da share ido, idon kuwa ƙamas. Ina daga cikin gida ina jin sa. Sai ya ja babban ɗanka gefe ya ce ma'aikata za ta cika shekara hamsin, za a yi taro, manya za su zo, suna so su karrama ka da baje kolin zanenka a babban zaure. Shida na farko za a rataye su yadda suke. Sauran ashirin kuwa akwai mai fentin allunan talla da ke yi musu aiki, zai ɗan gyara su, ya share abubuwan da ba su dace da idon baƙi ba, ya shafe su da man ƙyalli irin na kafintoci don warin ya mutu. Ɗanka, Allah Ya shirye shi, jin an ce za a rubuta sunan ubansa da manyan haruffa sai ya amince, bai shawarci uwarsa ba, bai shawarce ni ba.

Ni ban san da zancen ba sai ranar kwana na shida, da na zaga bayan gidanka neman bokiti. Na tarar da ƙofar ɗakin kaji a wangale, an jingine allunanka a jikin katanga, wani mutum mai furfura a tsugune da faffaɗan burushi da sabon gwangwani. Allo na goma sha tara ne a gabansa. Rabinsa ya riga ya tafi. Akuyar nan, da ƙudajen, da jan ruwan mahauta, duk ya lulluɓe su da wani shuɗi mai sheƙi irin na tallan sabulun wanki, har ya fara ɗora farar agwagwa a kai. Agwagwa, Yaya! A kogin da ko kwaɗo ya gudu! Na ga jini, na ga ruɓaɓɓen gyambo, na wanke gawa ba adadi, ban taɓa jin ƙyama kamar ranar da na ga shuɗin nan ba. Tir da wannan aiki.

Ban san lokacin da na fizge burushin na jefa shi bayan katanga ba. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma an ce har titi ana jin muryata. Abin mamaki, mutumin bai musa mini ba. Ya miƙe ya goge hannu a riga ya ce, "Hajiya, gara da kika zo. Shekara arba'in ina fenti, ban iya yin ruwa kamar na mutumin nan ba. Aiki aka ba ni." Shi kaɗai na ji tausayi a cikin lamarin nan. Ɗanka ya rugo yana cewa, "Gwaggo, ki tsaya ki ji, karrama Baba za a yi." Na ce masa ubanka shekara ashirin da shida yana faɗin gaskiya da hannunsa, kai kuma kwana shida ka ba da shi a mayar da shi maƙaryaci. Ya sunkuyar da kai.

Matarka ce ta yanke maganar. Ta fito da carbi a hannu, wannan baiwar Allah da ban taɓa jin ta yi gardama da kowa ba, ta dubi allunan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ni na kwana da warin nan shekara bakwai, ni ya sa wa tari. In akwai mai ikon cewa a shafe shi, ni ce, kuma ban ce ba." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Gwaggon yara, ɗakin nan naki har yanzu ba kowa?" Ashe ta san abin da na yi maka, shekara biyu tana gaishe ni da fara'a ba ta nuna mini ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ciki.

A ranar muka kwashe su, ashirin da biyar. Uku daga ciki ruwan yoyo ya kumbura musu gindi, ɗaya ɓera ya ci gefensa, kuma wannan ɓarnar tawa ce, ba ta manaja ba. Saura na farko. Washegari na sa mayafi na tafi ma'aikatar, na wuce sakatare yana "Hajiya, Hajiya," na shiga ofishin. Manaja ya miƙe yana washe baki, ya ɗauka godiya na zo yi. Na ce masa na zo ɗaukar kayan marayu. Ya fara zancen cewa allon ya zama dukiyar ma'aikata. Na ce ya nuna mini takardar da Yaya ya sa hannu, in babu kuma zan tsaya a bakin ƙofa ranar taron nasu in gaya wa baƙinsa sunan da ya kira zanen nan shekara tara da suka wuce. Da hannunsa ya sauke mini shi. Wurin da allon ya bari a bangon ya fi ko'ina haske a ofishin. Ya biyo ni har mota yana cewa kada a ji maganar a waje. Allah wadaran irin wannan hali.

Ban sa su a ɗakin da ka roƙa ba, Yaya. A falo na sa su. Na sauke hotunan aure da agogon bango, na kira kafinta ya kafa ƙusa ashirin da shida, muka jera su daga na farko har na bana, wanda ka yi da hannu mai rawa, baƙi ƙirin, ba tsuntsu ko ɗaya, sai leda da hasken rana a kan maiƙo. Na goma sha tara na bar shi da rabin shuɗinsa da rabin agwagwarsa, don duk wanda ya shigo ya ga abin da aka so yi maka. Shekaranjiya aka yi ruwan ƙarshen damina, katakon ya sha danshi, falon Uwar Sabulu ya ɗauki ɗoyi har zaure. Maƙwabciyata ta zo gaisuwa ta kasa zama, ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a silin. Na ce ta zauna ta shaƙa, ruwan da muke sha ne. Gwangwanin turaren fesawa na ba da shi kyauta.

Jikokinka sun zo jiya. Ƙaramar ta bi layin da yatsa daga ƙarshe zuwa farko, ta tsaya a na ɗaya ta ce wannan wace ƙasa ce. Na ce mata nan ne, bayan wurin aikin kakanki. Ta ce ƙarya nake yi. Bayan sun tafi na bi allunan da hanci ɗaya bayan ɗaya, ni da ban iya riƙe su sai da safar hannu. Da na iso na farko na manna fuskata a kansa na ja numfashi, ban ji komai ba, ko ɗis. A nan na yi kukan da na kasa yi tun ranar Talatar nan.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka karɓi gaskiyar da ya riƙe lokacin da kowa ke toshe hanci. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta fi mu duka haƙuri, Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da mafificin alheri. Ga 'ya'yansa biyar da jikokinsa, Allah Ya ba ku juriya, Ya sa ku gaji idonsa. Ga babban ɗansa, na yafe maka, ka zo ka ga Gwaggo, akwai ƙusa biyu da suka karkace. Ga abokan aikinsa na ɗakin inji da suka zo gaisuwa a ƙafa ba turare, Allah Ya ba ku lada.

Ni kuma, Yaya, ka yafe mini. Ɗaki ɗaya ka roƙa na hana ka kana da rai, yanzu ga falo na ba ka ba ka nan. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, ruwan da ba wanda ya taɓa zuba wa ƙazanta, Ya sa ka zauna a bakinsa ka kalle shi iya son ranka. Amin.